Me ya sa kundin Slippery When Wet na Bon Jovi ya yi kasuwar da ya yi?

Nafi'u ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka san tarihin kiɗan rok na shekarun 1980 su warware mini wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Duk inda aka jera kundayen salon gilam metal (wato kiɗan rok mai nauyi da ake haɗawa da ƙyale-ƙyalen gashi da tufafi) da suka fi samun ciniki, sai na tarar da Slippery When Wet na ƙungiyar Bon Jovi, wanda ya fito a watan Agusta na 1986, a sahun gaba, kuma ana cewa ya haura kwafi miliyan 12 a Amurka kaɗai. Na zauna na saurari waƙoƙinsa goma daga farko har ƙarshe, kuma duk da cewa na ji daɗinsu, ban ji wata gwanintar kiɗa da ta fi ta Mötley Crüe ko Ratt ko Cinderella ba, waɗanda suka yi zamani ɗaya da su, suka tara gashi iri ɗaya, suka kuma sa tufafi iri ɗaya. To mene ne ya raba wannan kundi da takwarorinsa? Kuma shin waɗannan alƙaluma abin dogaro ne, ko kuwa zuzutawa ce ta kamfanonin faifai?

Malam Isiyaku ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena Nafi'u, kunnenka bai yaudare ka ba, domin ba gwanintar kaɗa jita ce ta sayar da wannan kundi ba. A ganina, waƙar pop ce aka ɗinka wa rigar metal. Amon jita da nauyin ganga da bajajjen gashi duk na metal ne, amma idan ka tuɓe su ka bar murya da kari kawai, abin da zai rage waƙa ce da kowane gidan rediyo zai iya sawa da tsakar rana ba tare da mai sauraro ya murɗa tasha ba.

Sai ka fara duba halin da suke ciki kafin 1986. Su biyar ne daga jihar New Jersey: Jon Bon Jovi mai waƙa, Richie Sambora mai jita, David Bryan mai kibod, Tico Torres mai ganga, da Alec John Such mai jitar bes. Kundinsu na farko a 1984 ya fitar da waƙar "Runaway", wadda da ƙyar ta shiga cikin arba'in na farko a jadawalin mujallar Billboard, wanda yake jera waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Na biyu, 7800° Fahrenheit na 1985, ya yi ciniki daidai gwargwado, amma ko su kansu bai gamsar da su ba. A waɗannan shekaru aikinsu shi ne share wa manya fage, irin su Scorpions da Kiss da Ratt, su yi wasa kafin mai dandali ya fito. Ƙungiyar da ta kai kundi na uku tana share fage ta san cewa haƙurin kamfani ya kusa ƙarewa, kuma wannan ne ya sa suka yarda da abin da ƙungiyoyin metal da yawa suke ɗauka a matsayin abin kunya, wato kawo marubucin waƙa daga waje.

Wanda suka kawo shi ne Desmond Child, wanda tun a 1979 ya taya Kiss rubuta "I Was Made for Lovin' You". A gidan iyayen Sambora suka zauna su uku, shi da Jon da Sambora, kuma hannun Child yana cikin waƙoƙi huɗu na kundin, har da biyun da suka kai lamba ɗaya. Ka sake sauraron "You Give Love a Bad Name" ka lura da yadda ta fara. Babu gabatarwar jita mai tsawo irin wadda aka saba, sai muryoyi zalla suka buɗe da amshi, ta yadda kafin kiɗa ya shigo mai sauraro ya riga ya haddace abin da zai maimaita. Karin wannan amshi ma ba sabo ba ne a wurin Child, domin ya yi amfani da kusan irinsa a wata waƙa da ya rubuta wa Bonnie Tyler a wannan shekarar, wadda ba ta yi tasiri a Amurka ba, sai ya sake masa kalmomi ya ba wa waɗanda za su kai shi inda yake so.

"Livin' on a Prayer" kuwa ita ce ta fi nuna bambancin da kake tambaya. A lokacin da ƙungiyoyin titin Sunset Strip na birnin Los Angeles suke waƙar holewa da shaye-shaye, ita wannan labarin wasu masoya biyu ne, Tommy wanda yake lebura a tashar jiragen ruwa, ƙungiyar ƙwadagonsu ta shiga yajin aiki, da Gina wadda take yini tana aiki a gidan abinci don su samu na sawa a baka. Talakan Amurka ya ga kansa a ciki. Sannan aka ƙawata ta da dabaru biyu. Ta farko ita ce na'urar nan mai bututu da Sambora yake sawa a baki, wadda take sa jita ta yi kamar tana magana. Ta biyu ita ce ɗaga sautin amshin ƙarshe zuwa sama a daidai lokacin da mai sauraro yake zaton waƙar ta gama abin da za ta yi. Abin mamaki shi ne Jon da kansa bai ɗauke ta da muhimmanci ba da farko, sai da abokan rubutunsa suka nace.

Shawara ta biyu ita ce tafiya birnin Vancouver na Kanada, inda furodusa Bruce Fairbairn da injiniyan sauti Bob Rock suka ɗauki kundin a situdiyon Little Mountain. Su ne suka ba shi wannan sauti mai faɗi, mai tsabta, wanda yake da ƙarfi amma ba ya huda kunne. Kafin nan kuma ƙungiyar ta rubuta waƙoƙi da yawa fiye da yadda take bukata, ta tara matasa ta kunna musu, ta saurari waɗanda suka fi so kafin ta zaɓi goma. Wanda ya ɗanɗana wa mai saye kayansa kafin ya kai kasuwa ba ya cikin masu jiran sa'a.

Sakamakon kuwa a bayyane yake. Kundin ya hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard a ƙarshen Oktoba na 1986, ya sauka ya ba wa ƙungiyar Boston da Bruce Springsteen wuri, sannan ya dawo a Janairun 1987 ya zauna makonni bakwai a jere, wato makonni takwas ke nan jimla, har sai da Beastie Boys suka karɓe kujerar. "You Give Love a Bad Name" ta kai lamba ɗaya a Nuwamban 1986, "Livin' on a Prayer" ta yi makonni huɗu a sama a farkon 1987, "Wanted Dead or Alive" ta kai lamba bakwai, kuma Billboard ta ayyana shi a matsayin kundin da ya fi kowane a shekarar 1987.

Ɗanjuma ya rubuta:

Malam ya gama da ɓangaren waƙa, ni kuma bari in taɓa maganar alƙaluma, domin a nan ne ake yawan ruɗa mutane. Adadin da ake ambata na Amurka daga ƙungiyar kamfanonin faifai ta RIAA yake fitowa. Ita ce take ba da shaidar zinariya ga kwafi 500,000, da filatinum ga miliyan ɗaya, da lu'ulu'u ga miliyan goma, wadda ba a ƙirƙiro ba sai a 1999. Abin lura shi ne tana ƙirga kwafin da kamfani ya fitar zuwa kasuwa ne, ba wanda aka tabbatar ya shiga hannun mai saye ba, kuma sai kamfani ya nema aka bincika littattafansa kafin a ba da shaidar. Ga kundi irin wannan, wanda aka daɗe ana saye shekara da shekaru, bambancin ba shi da yawa, saboda haka ni na yarda da miliyan 12 ɗin. Amma adadin duniya baki ɗaya, wanda ake yawan cewa miliyan 28 ne, babu wata hukuma guda da ta ƙirga shi, kiyasi ne da ake karɓa daga kamfani, kuma da haka ya kamata a ɗauke shi. Tun daga 2016 ma RIAA ta fara haɗa sauraro ta intanet cikin lissafi, sau 1,500 a matsayin kwafi ɗaya, don haka duk wani ƙari da aka samu bayan wannan shekara ba lallai ba ne faifai ne aka saya.

Haka kuma matsayin jadawali a 1986 ba daga na'urar kanti yake fitowa ba. Kafin tsarin SoundScan, mai ƙirga ciniki kai tsaye daga na'urorin kantuna, ya fara aiki a 1991, rahoton da masu kantuna suka bayar ne ake tattarawa, kuma kowa ya san rahoton baki yana iya karkata.

Akwai kuma sa'ar lokaci, wadda nake ganin Malam ya rage mata daraja. Kundin ya fito ne a daidai lokacin da faifan garmaho bai mutu ba, kaset yana kan ganiyarsa saboda rediyon mota da ƙaramar na'urar Walkman, faifan sidi kuma yana shigowa da tsadarsa. Mutum ɗaya yana iya sayen kaset a 1986, ya ƙare masa, ya sake sayen sidi bayan shekara huɗu, kuma duk a ƙirga.

Sannan ban yarda a bar wa Bon Jovi kambun ba tare da an ambaci Def Leppard na birnin Sheffield a Ingila ba. Kundinsu Hysteria, wanda ya fito a Agustan 1987, shi ma ya samu shaidar miliyan 12 a Amurka, kuma hanyar da ya bi ta fi wahala nesa ba kusa ba. Mai gangarsu Rick Allen ya rasa hannunsa na hagu a haɗarin mota a ranar ƙarshe ta 1984, ya koma ya koyi kiɗa da ganguna masu lantarki da yake takawa da ƙafa. Furodusa Mutt Lange ya ɗauki shekaru yana jera sauti bisa sauti, da niyyar yin kundin rok irin Thriller na Michael Jackson, wanda kowace waƙa a cikinsa za ta iya tsayawa da ƙafarta, har kuɗin aikin ya kai inda sai an sayar da miliyoyi kafin a mayar da uwar kuɗi. Waƙar farko da suka saki daga kundin a Amurka ba ta yi komai ba. Sai da "Pour Some Sugar on Me" ta kama a 1988 kundin ya kai lamba ɗaya, kusan shekara guda bayan fitowarsa. Idan kuma za a saka Appetite for Destruction na Guns N' Roses, mai shaidar miliyan 18, to ya wuce su duka, sai dai masoyansa ba sa yarda a kira shi gilam. Ƙofar ma ba ɗayansu ne ya buɗe ba, Quiet Riot ne da kundinsu Metal Health, wanda ya kai lamba ɗaya tun a Nuwamban 1983.

Hajiya Turai ta rubuta:

Malam Isiyaku da Malam Ɗanjuma, na karanta bayananku kuma na ƙaru, amma ku duka biyun kun yi ta kewaye abu ɗaya ba ku faɗe shi ba. Su wane ne suka sayi kwafin nan? Masu sauraron metal na asali, waɗanda galibinsu samari ne, suna iya kai kundi miliyan biyu ko uku idan ya yi kyau. Ba a kaiwa miliyan goma sai 'yan mata sun shigo, da waɗanda ba su taɓa sayen faifan metal ba a rayuwarsu, kuma Bon Jovi ce ƙungiyar da ta fi kowa gane haka.

Tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, MTV, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Agusta 1981, ita ce hanyar da aka bi. Bidiyoyin da Wayne Isham ya shirya musu sun watsar da tatsuniyoyin da suka cika bidiyon metal na lokacin, irin su dodanni da sarƙoƙi da wuta, suka nuna samari biyar a kan dandali suna dariya, suna wasa da juna, jama'a kuma suna amsawa. A bidiyon "Livin' on a Prayer" an fara da baƙi da fari ana gwajin wasa, sai launi ya shigo, aka ga Jon ɗaure da igiya yana shawagi a saman 'yan kallo. Na "Wanted Dead or Alive" kuma ya nuna su a gajiye, cikin zufa, a kan hanyar rangadi. Babu abin tsoro a cikinsu, kuma uwa za ta iya ganin 'yarta tana kallo ba ta kashe talabijin ba. Ku tuna cewa a 1985 ne Majalisar Dattawan Amurka ta yi zaman sauraron ƙorafin ƙungiyar iyaye ta PMRC kan kalaman waƙoƙi, inda har Dee Snider na Twisted Sister ya je ya kare kansa. A irin wannan yanayi, zama ƙungiyar da iyaye ba sa tsoro jari ne.

Bangon kundin ma ya tabbatar da wannan. Hoton farko da aka shirya na wata mace ne cikin jiƙaƙƙiyar riga, amma aka janye shi, a wani ɓangare don gudun kada manyan kantuna su ƙi ajiye shi, aka maye gurbinsa da baƙar ledar shara da aka jiƙa da ruwa, aka rubuta sunan a kai, sunan da yake kama da gargaɗin da ake kafawa cewa wuri yana da santsi idan ya jiƙe. A Japan ne aka bar hoton farko. Ni dai ban ga kyau a wannan leda ba, amma ta shiga kantunan da wancan hoto ba zai shiga ba.

Kuma kada a manta da zufar da aka zubar. Sun fara rangadin suna share wa 38 Special fage, kafin shekara ta ƙare sun zama masu dandali, Cinderella tana share musu, kuma a 1987 su ne suka jagoranci bikin Monsters of Rock a Donington ta Ingila, inda shekara biyu kafin nan suke cikin ƙananan baƙi. Abin da yake ba ni haushi shi ne yadda masu sharhi da yawa suka raina kundin a lokacin, kuma ina zargin cewa ganin su wane ne suke cika layin sayen tikiti yana cikin dalilan rainin.

Nafi'u ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, Yaya Ɗanjuma da Hajiya. Saura abu ɗaya. Idan dabarar ta yi aiki haka, me ya sa salon ya durƙushe cikin 'yan shekaru? Na sha karanta cewa ƙungiyar Nirvana ce ta kashe shi dare ɗaya.

Malam Isiyaku ya rubuta:

Da farko na karɓi gyaran Hajiya, domin waƙar da aka rubuta don rediyo ba ta isa inda take so sai an samu fuskar da za ta kai ta. Game da Nirvana kuwa, maganar tana da tushe amma an cika mata gishiri. Gaskiya ne kundinsu Nevermind ya fito a Satumban 1991, ya kuma sauke Dangerous na Michael Jackson daga lamba ɗaya a Janairun 1992, kuma daga nan MTV da kamfanoni suka juya akalarsu zuwa birnin Seattle, cibiyar salon kiɗan su Nirvana. Amma kafin nan salon ya riga ya gajiyar da kansa.

Da kamfanoni suka ga abin da ya faru a 1986, sai kowa ya nemi hannayen da suka yi aikin. Fairbairn da Child suka farfaɗo da Aerosmith a 1987 da Permanent Vacation. Bob Rock ya yi wa Mötley Crüe Dr. Feelgood a 1989 a wannan situdiyo na Vancouver, wanda ya zama kundinsu na farko da ya kai lamba ɗaya. Bon Jovi da kansu suka maimaita da New Jersey a 1988, wanda ya fitar da waƙoƙi biyar cikin goma na farko. Waɗannan duk manya ne masu abin faɗa. Matsalar ita ce ɗimbin ƙungiyoyin da aka ɗauka a bayansu, kowace da tsari ɗaya, wato a fara sakin waƙa mai zafi, sannan a biyo da ta soyayya mai sanyi wadda 'yan kallo za su ɗaga wa wutar layita. Poison ta kai lamba ɗaya da irin wannan a ƙarshen 1988, kuma bayan nan sai ya zama kamar doka. Kafin 1991 mai sauraro yana iya faɗin yadda waƙa za ta ƙare tun daga baitinta na farko.

Ko bayan Nevermind ma manyan ba su faɗi nan take ba. Adrenalize na Def Leppard ya shiga jadawali a lamba ɗaya a Amurka da Birtaniya a 1992. Waɗanda suka ɓace su ne na tsakiya, waɗanda gashi da tufafi ne jarinsu. Bon Jovi kuwa, da yake metal ɗin riga ce tun farko, sai suka tuɓe ta. Jon ya rage gashi, suka fitar da Keep the Faith a 1992 tare da Bob Rock, suka samu "Always" a 1994, kuma a waɗannan shekaru kasuwarsu ta fi ƙarfi a Turai da Japan fiye da gida. A shekarar 2000 suka sake neman marubuci daga waje, wannan karon Max Martin ɗan Suwidin, wanda yake rubuta wa Britney Spears da Backstreet Boys, suka yi "It's My Life". Idan ka saurare ta za ka ji jitar Sambora mai bututu ta dawo, kuma a baiti na biyu an sake kiran sunan Tommy da Gina.